Ƙafar Mutum Biyu

Da sunan Allah mai saukar da cuta, mai saukar da sauƙi. Sunana Hauwa, amma a unguwar Karantina ta Jidda in ba ka ce Hauwa mai gyaɗa ba, ba wanda zai nuna maka ƙofarmu. Labarin jinyar mahaifina zan bayar, don duk mai tsoho a gida ya riƙa kwance ɗaurin ƙafa yana dubawa da idonsa. Kada ka yarda da "lafiya lau" daga bakin tsoho. Wallahi sun fi yara iya ɓoye abu.

Lokacin Turawa ba su daɗe da barin Sudan ba. Unguwarmu ɗakunan gwangwani ne da katakon akwati, ba lantarki, ruwa sai mai jaki ya kawo. Baba, Malam Mamman, yana zaune tare da mu, ni da maigidana da ke dako a mina, wato tashar jiragen ruwa. Baba gajere ne mai kaurin wuya, kuma ba ya zama. Tun da na yi wayo ban taɓa ganinsa a ɗaki da ƙofa a rufe ba. Daga sallar asuba zai kama hanya, ya bi bakin teku, ya ratsa kasuwa, ya dawo ya sha shayi a tsaye, ya sake fita, ba saye ba sayarwa. Kowa kuma ya san ba ya cin abin da aka sa wa gishiri, ko ƙwaya ɗaya ce sai ya ture kwanon. Idon sawunsa na hagu kullum a naɗe yake da tsumma. Mun san an taɓa ɗaure shi a Sudan kafin a haife ni, iyakar saninmu ke nan, don a gidanmu ba a tayar da maganar.

Makon farko na ciwon, ƙudaje ne suka tona masa asiri. Duk inda ya tsaya sai su yi cincirindo a kan tsumman nan, ga shi ya fara ɗingishi yana wayancewa da sanda.

"Baba, me ya samu ƙafar?"

"Ba komai, Uwata. Ƙusa ce ta ɗan karce ni." Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Ƙusa ce ke wari haka?"

"Kifi ne ke wari. Karantina muke fa, ba Aljanna ba."

Na ƙyale shi har ya zauna alwala, na faɗa masa ta baya na fizge tsumman. Innalillahi! Baƙin tabo ne ya zagaye idon sawun kamar munduwa, fatar ta mutu tana sheƙi, a samansa kuma ga rami kamar bakin finjalin shayi, yana ta ruwa. Ashe duk fitar asubar nan, shiga teku yake yi ya tsaya har gwiwa, ruwan gishiri yana cin gyambon yana cije baki. Maganin da ya sani ke nan. A kwanakin kuma na lura randa ba ta kwana da ruwa saboda shansa, inda yake fitsari a bayan ɗaki kuma tururuwa ta yi baƙi. Ban san ma'anar wannan ba sai daga baya.

Mako na biyu na Gwaggo Asabe ne, 'yar'uwar Baba ta nesa, wadda babu ciwon da ba ta da maganinsa. Ta ce zuma, muka shafa zuma. Ta ce lalle da man shanu, muka kwaɓa. Ta ce sammu ne, wani ya binne masa abu a hanyar da yake bi, aka karɓo rubutu ya sha. Ta kawo wanzami ya kafa masa ƙaho a ƙauri, jinin da ya fito baƙi wuluk, Gwaggo tana tafa hannu tana cewa, "Kun gani? Dafin ne ke fita!" Cinikin gyaɗata duk ya tafi a zuma da wanzami. Ban ƙi ta ba, Allah ya saka mata, ita ce ke riƙe mini tire ranar da ba na iya fita. Amma da ta san iyakar saninta, da mun rage kwanaki.

Baba kuwa ba a isa a kwantar da shi ba. In na ɗaure ƙafar na juya baya, sai in hango shi can ƙarshen lungu yana jan ta. In dawo da shi, ya sake fita. Ni ma sai zama ya gagare ni: ina suyar gyaɗa ido yana ƙofa, ina salla kunne yana jiran ƙarar sandarsa.

A mako na uku zazzaɓi ya rufe shi, yatsu biyu suka yi baƙi. Maigidana ya ce halas, wasa ya ƙare. Ya roƙi wani direba abokinsa, muka ce wa Baba za mu gaida mara lafiya, muka ɗora shi a bayan mota sai asibitin gwamnati. Ga alhazai sun fara sauka, layi ya fito har titi, rana tana dukan kai, wani na amai, wata na naƙuda a kan benci. Aka tambayi iƙama, wato takardar izinin zama, aka juya ta gaba da baya, aka ce mu koma wancan layin, can ma aka ce wancan. Da ma'aikaci ya miƙo wa Baba ɗan guntun ƙarfe mai lamba don ya jira kira, sai ya janye hannunsa. Ya ƙi karɓa. Ya dubi mutanen nan masu fararen kaya, ya dubi ƙofa, maigidana ya yi maza ya tare hanya.

Likitan Bamisire ne mai furfura a gefen kai, a gajiye yake amma bai yi mana tsawa ba, Allah ya ji ƙansa in ya mutu. Ya danna ƙaurin, ya shinshina, ya sa aka gwada fitsari. Ya ce ciwon suga ne ya hana gyambon warkewa. Sannan ya faɗi kalmar da har gobe ba na son jin ta: gargarina. Naman ya mutu, kuma mutuwar hawa take yi. Ya ja layi da yatsa a ƙasan gwiwa.

"Daga nan za mu yanke, ya hajj. Cikin makon nan. In ka jira, layin zai hau."

Na yi zaton Baba zai yi gardama ko ya yi salati. Sai ya jawo tsummansa ya fara naɗewa a hankali.

"Sai na tambayi Dogo," in ji shi.

"Wane ne Dogo?" likita ya tambaye ni. Na dubi maigidana, ya dube ni. Kafin mu rufe baki Baba ya kai ƙofa.

A gida na tsare shi a inuwar bango, na ce yau ko ya faɗa mini wane ne Dogo, ko in tara masa unguwa. Ya daɗe yana kallon ƙafar, sannan ya fara magana, ba ya dubana.

Yana saurayi, in ji shi, a gonakin auduga na Sudan, faɗa ya haɗa shi da wani mai kula da ruwa, ya maka masa ƙotar fartanya. Kotun Turawa ta yanke masa shekaru. Ba a bar shi a kurkukun gari ba. Aka zuba su a taragon kaya a rufe, jirgin ƙasa ya yi ta tafiya da su ba su san gabas ba ba su san yamma ba, har bakin Bahar Maliya. Daga nan aka loda su a cikin jirgin ruwa, a ƙasa inda ake zuba kaya, aka kai su wani tsibiri da babu itace ko ɗaya, sai gishiri. Shi suke haƙa, shi suke ɗauka, shi ke shiga ido da gyambo da tuwo.

"Baturen da ke kanmu," in ji Baba, "wata rana ya ce wa tafinta kakansa ma Ingila ta ɗaure shi, ta zuba su a jirgi wata da watanni zuwa wata ƙasa can ƙarshen duniya, Ostireliya, wai don ya saci tunkiya. Yana faɗi yana dariya. Na ce a raina, ashe sana'ar gidansu ce, da nasu suka fara."

A tsibirin bibbiyu ake haɗa su da mari. Ƙafar Baba ta hagu, ƙafar wani Audu Dogo ta dama, sarƙa ɗaya. Dogo in ya yi taku ɗaya sai Baba ya yi biyu, shi ya sa ƙarfen ya fi cin Baba. Tare suke barci, tare suke zagayawa. Kowane mutum biyu akwai kwandunan gishirin da za su cika kafin rana ta faɗi. In ɗaya ya tafi ɗakin marasa lafiya, ba a rage ko kwando ɗaya: wanda ya rage shi zai ja sarƙar shi kaɗai, ya cika nasa ya cika na ɗan'uwansa, in ya kasa bulala. Don haka fursunoni suka yi dokarsu: ba mai nuna wa likita ciwo sai abokin marinsa ya yarda. Da hannu a kan ƙarfen ake rantsewa. Wanda ya karya, ko ruwa ba mai miƙa masa.

"To Baba, ai an kwance ku!"

"An kwance ƙarfe. Mu ba mu warware komai ba. Jirgi ɗaya ya tsallako da mu Jidda, da muka sauka ya yi nan na yi nan. Ba na son ganinsa, Uwata. Shekara da shekaru ina jin minsharinsa da warin hammatarsa, ya ishe ni har lahira."

"Mutumin da ba ka son gani, shi za ka mutu saboda shi?"

Sai ya ɗago. "Sau biyu zazzaɓi ya kayar da Dogo a tsibirin nan. Sau biyu ya roƙe ni ya je wajen likita. Na duba ƙarfina na ga ba zan iya kwandunan mutum biyu ba, na ce a'a. Yana rawar ɗari yana haƙar gishiri, yana faɗuwa ina tayar da shi, amma bai karya ba. Yanzu ni in karya don tawa ta yi wari?"

Haushi ya cika ni, tausayi ya cika ni, na shiga ɗaki na yi kukana na fito.

Na ɗauko limamin unguwa. Ya zauna ya yi wa Baba bayani da taushi, cewa rantsuwa irin wannan tana da kaffara, kuma ceton rai ya fi ta nauyi. Baba ya saurara har ƙarshe.

"Gafarta malam, na san Allah zai yafe. Dogo fa?"

Daga nan muka shiga neman Dogo, mako na huɗu da na biyar, kuma ban taɓa sanin Allah ya yi dogaye da yawa a ƙasar nan ba sai lokacin. Duk Bahaushen da ya ɗara ƙofa tsawo sunansa Dogo. Maigidana ya bar dako, kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa, yana ta aiko masa da faɗa. Ya bi mina, ya bi masaukin alhazai, ya hau mota zuwa Makka ya zaga unguwannin mutanenmu, ya dawo da wani Dogo mai sayar da ruwa, wanda bai taɓa taka Sudan ba, ya ci tuwonmu ya tafi. Aka ce akwai wani a Ɗa'ifa, aka je, ashe ya rasu bara, kuma Ibrahim ne sunansa. Ni kuma na ɗauki tire ina bi unguwa unguwa, ina sayar da gyaɗa ina tambaya: tsoho ne dogo ƙwarai, daga Sudan, Audu. Wasu su yi mini dariya, wasu su ce Allah ya sa a dace. Na sayar da 'yan kunnena don kuɗin mota.

A gida baƙin yana hawa. Kullum da safe in na kwance ɗaurin sai in auna da yatsa daga gwiwa, kullum yatsun suna raguwa. Warin ya kori maƙwabta daga inuwarmu. Baba ya daina iya fita, amma bai daina motsi ba: ya rarrafa zuwa ƙofa, ya dawo tabarma, ya ce a fitar da shi, ya ce a mayar da shi. In zazzaɓi ya hau sai ya riƙa magana da gefensa na hagu, "Rage taku, Dogo, rage taku, kana yanka ni." Na koma wajen likita ni kaɗai don a ba mu allura. Ya ba mu, amma ya ce, "Ya binti, 'yata, allura ba ta tayar da mataccen nama. Ku ɗauko shi ko da ƙarfi." Maigidana ya so a yi hakan. Baba ya ji, ya ce duk wanda ya ɗaure shi ya sa a mota bai yafe ba duniya da lahira. Wa zai ɗauki wannan?

Gwaggo Asabe ta kawo shawarar a samo kowane dogon tsoho a koya masa abin da zai ce, tunda idon Baba ya yi rauni. Na ce, "Gwaggo, mutumin da ya san warin hammatarsa za ki yi wa wannan?" Ta ce to ita dai ta faɗi nata.

Ranar da aka dace, ban ma fita da niyyar tambaya ba, na gaji. Na zauna kusa da wata Ladi da muke sayar da gyaɗa tare a wajen ƙofar gari da ake kira Bab Makka, sai na ga tana ware wani ƙulli gefe. Na ce na wa ne.

"Na wani jarababben tsoho ne mai sayar da asuwaki a bayan masallaci. In ya ji gishiri ko kaɗan a gyaɗa, sai ya tofar ya zage ni tas. Dole in soya masa tasa daban."

Na ce, "Dogo ne?"

"Wa ya sani? Ni ban taɓa ganinsa a tsaye ba. Mai Sanda ake ce masa."

Na bar mata tirena na ruga. Yana zaune a ƙasa a kan buhu, asuwaki a shimfiɗe gabansa, sandar guragu a jingine da bango. Ko a zaune kansa ya kusa kai kafaɗata. Ƙafarsa ta hagu a miƙe har tana tare hanya. Ta dama babu, an naɗe wandon an soke da allura. Mako biyu muna neman mutum a sama, ashe yana ƙasa, tafiyar da ba ta kai a sha ruwa ba daga gidanmu.

Na durƙusa. "Baba, kai ne Audu Dogo?"

Ya dube ni da jajayen idanu. "Rabon da a kira ni haka an daɗe. 'Yar wa ce ke?"

"'Yar Mamman ce, na tsibirin gishiri."

"Gajere?" in ji shi. "Ya mutu ne?"

"Yana hanya, in ba ka zo ba."

Na gaya masa komai. Ban gama ba ya fara tattara asuwakinsa. "Yalla," in ji shi, "maza nemo mana mota."

Da muka iso, Baba yana kwance a ƙofar ɗaki. Dogo ya sunkuya ya shigo tsakar gida yana dogara sanda. Ba sallama, ba gaisuwa. Baba ya bi shi da kallo daga sama, a hankali, har idonsa ya sauka inda ƙafar dama ya kamata ta kasance. Sai ya yunƙura ya tashi zaune, ƙarfin da ban san yana da shi ba.

"Ina ƙafar?"

"Tana maƙabarta, ta riga ni."

"Wa ka tambaya?"



"Na ce wa ka tambaya, Dogo! Ni ina nan ina ruɓewa ina jiranka, 'yata ta sayar da 'yan kunnenta, surukina ya bar aikinsa, ashe kai tuni ka je ka miƙa musu! Fitar mini daga gida. Uwata, fitar da shi!"

Ya juya fuska bango. Jama'a, na ga tashin hankali. Ga Dogo an samu, ga Baba ya ƙi magana, ga baƙin ƙafar ya kusa gwiwa. Na ce, "Baba, don girman Allah!" Ko motsi. Na fita na shigo, na fita na shigo, na ɗora ruwa na sauke ban san me zan dafa ba. Dogo kuwa bai tafi ba. Ya lallaba ya zauna a gefen hagu na Baba, dab da shi, ya ajiye sandar. Haka suka yi tun azahar har inuwa ta kai bango, ba mai cewa uffan.

Can Dogo ya yi gyaran murya.

"Na neme ka, Gajere. Ba da yawa ba, amma na nema."

Baba bai juyo ba.

"Gaskiya dai ban so in same ka ba. Tsoro na ji."

"Tsoron me?" in ji Baba, fuskarsa na bango.

"Kada ka sake cewa a'a."

Na ga kafaɗar Baba ta motsa.

"Ni na karya," in ji Dogo. "Shekarun nan duk da abin nake kwana. Kai ka riƙe. To tambaye ni yadda ake tambaya, kada ka kashe yarinyar nan da zirga-zirga."

Baba ya juyo. Ya ɗora hannu a kan idon sawunsa, Dogo ya ɗora nasa a kai, a kan ruɓar nan da ni kaina sai na toshe hanci nake taɓawa.

"Dogo, ƙafarmu ta lalace. In je?"

"Je ka. Na ɗauki kwandunanka."

Maigidana bai jira an sake magana ba, ya fita da gudu neman mota.

A asibiti likita ya kwance ɗaurin, ya girgiza kai, ya ja sabon layi a saman gwiwa, tsakiyar cinya. Bai ce "na gaya muku" ba, kuma na gode masa da wannan. Aka ba mu gado a wani dogon ɗaki mai cike da nishi, aka ce sai an saukar da sugan kafin a shiga da shi. Masu jinyar wasu na kirki, wata kuwa in ka kira ta sai ka ce ka zagi uwarta. Ba a barin mace ta zauna a ɗakin maza sai lokacin ziyara, don haka a baranda na yi kwanakin, ina leƙe ta taga. Dogo ne ya zauna da shi. Aka kore shi ya ƙi, aka sake kora ya nuna musu dungulminsa ya ce shi ma mara lafiya ne, suka gaji suka bar shi. Ta tagar nake jin su suna faɗa a kan wa ya fi minshari.

Da aka zo tura Baba ɗakin yanka, Dogo ya bi gadon yana dogara sanda, yana haki, har ƙofar da ba a wucewa. Nan ya riƙe ƙarfen gadon.

"Gajere. Tawa ƙafar fa?"

Baba ya dube shi, ya rufe ido. Aka tura shi ciki.

Kai, ban taɓa jin haushin mahaifina irin na ranar ba. Tsoho ya bi ka da ƙafa ɗaya, ka bar shi a tsaye! Dogo ya zauna a ƙasa a bakin ƙofar. Ni na kasa zama. Na auna barandar nan da ƙafa har ma'aikaci ya ce in tausaya wa siminti. Maigidana aka kira, aka miƙa masa ƙafar a naɗe cikin farin ƙyalle, ya tafi da ita maƙabarta shi da liman. Da ya wuce da ita ta gabanmu, Dogo ya bi ta da ido har ta ɓace.

Alhamdu lillahi, Baba ya tashi, kuma ya ƙara shekaru a duniya yana masifa a kan sandar guragu. Da an yanke tun ranar farko, da ya tsira da gwiwarsa, da an yi masa ƙafar katako ya ci gaba da yawonsa. Jiran nan ne ya cinye ta. Shi ya sa nake cewa, in tsohonku ya ƙi asibiti, kada ku tsaya yi masa wa'azi. Ku tambaye shi wa yake jira, ku fita nema tun ranar.

Ranar da aka yi yankan, da la'asar aka bar mu muka shiga. Yana kwance, fuska ta yi fari, bargo ya faɗa a inda ƙafar take da. Na tsaya a kansa ta dama, Dogo ya ja jiki ya zauna ta hagu. Ni da na yi sama da wata ina wanke gyambo, ni da tafin ƙafata ya tsage a titunan Jidda, na sunkuya ina jiran ya buɗe ido ya ce Uwata. Ya buɗe. Ko kallona bai yi ba. Ya juya kai hagu, ya lalubi hannun Dogo, ya jawo shi ya ɗora a kan dungulmin Dogon, ya ɗora nasa a sama. Muryarsa da ƙyar take fita.

"Tambaye ni."

Dogo ya ce, "Gajere, ƙafarmu ta lalace. In je?"

"Je ka," in ji Baba. "Da na zazzaɓin can tsibiri ma, duka biyun. Je ka, Dogo. Na ɗauka."

Dogo ya kifa kai a gefen gadon yana kuka kamar yaro, har mai jinya ta leƙo ta ce a rage hayaniya. Na ce mata ta bar shi, ya daɗe yana jira.